Yadda Matashi Zai Rage Ƙiba Ba Tare da Ya Tauye Girman Jikinsa Ba

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390, masu shekara 5 zuwa 19, nauyinsu ya wuce kima, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibarsu ta kai matakin da likitoci ke ɗauka a matsayin cuta. A 1990 kashi 8 cikin 100 na masu waɗannan shekaru ne ke da nauyin da ya wuce kima, amma zuwa 2022 adadin ya kai kashi 20. Garuruwanmu ma abin ya shigo su, har ta kai a unguwa ɗaya ana iya samun gidan da tamowa ke addabar ƙaramin yaro, a gidan da ke maƙwabtaka da shi kuma yarinya 'yar sakandare tana fama da teɓa da haki idan ta hau bene.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne hanyar da matasa ke bi idan sun yanke shawarar ramewa. Galibi sukan fara da barin karin kumallo, ko su wuni da yunwa, ko su sayi shayin rage ƙiba da suka gani a waya. Jikin matashi kuwa kamar gini ne da ake tsaka da aza shi, wanda idan aka tsuke masa kayan aiki a wannan lokaci, raunin zai zauna a cikin bangon har bayan an gama. A waɗannan shekaru ne tsawo ke ƙaruwa da sauri, ƙashi ke tara babban kaso na ƙarfin da zai rayu da shi, jini ke ƙaruwa, ƙwaƙwalwa kuma ke ci gaba da nuna. Saboda haka tsarin da ya dace da magidanci mai shekara arba'in yana iya cutar da ɗansa mai shekara goma sha huɗu.

Mataki na farko: a tabbatar akwai ƙibar

Ba duk matashin da ke ganin kansa da ƙiba ne yake da ita ba. Lokacin balaga jikin yarinya yakan tara kitse a ƙugu da cinyoyi da ƙirji, kuma wannan halitta ce da ba ta buƙatar magani. Yaro namiji ma yakan yi ɗan kumari kafin tsawo ya zo masa gaba ɗaya, domin saurin girman maza yakan biyo bayan na mata da kusan shekara biyu.

Ma'aunin da ake fara amfani da shi shi ne BMI. Ana auna nauyi da kilo, a auna tsawo da mita, a ninka tsawon da kansa, sannan a raba nauyin da abin da aka samu. Yarinya mai kilo 70 da tsawon mita 1.60, idan aka ninka 1.60 sau 1.60 za a sami 2.56, idan aka raba 70 da shi kuma za a sami kusan 27.3. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su ɗauki wannan lamba su gwada ta da ta manya, inda 25 ke nuna nauyi ya wuce kima, 30 kuma ke nuna ƙiba. Ga matasa akwai jadawali na daban wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007, kuma yana la'akari da shekaru da jinsi. A wannan jadawali, yarinya mai shekara 15 nauyinta ya wuce kima idan lambarta ta haura kusan 23.5, ƙiba kuma tana farawa daga kusan 28. Yaro namiji mai shekara 12 kuwa da lambarsa ta kai 24 ya riga ya shiga sahun masu ƙiba, alhali babban mutum mai wannan lamba lafiyarsa ƙalau. Wannan ya sa ya fi kyau a je asibiti a yi awon, a bar ma'aikacin lafiya ya duba jadawalin.

Zuwa asibitin yana da wani amfani da ya fi awo. Akwai alamun da ya kamata likita ya gani da idonsa kafin a taɓa abincin yaro. Ɗaya daga cikinsu ita ce baƙin da ke fitowa a bayan wuya ko hammata, mai kauri da laushi, wanda iyaye mata da yawa ke ɗauka dauɗa ce, su sa yaro ya yi ta dirzawa da soso har fatar ta yi ciwo, baƙin kuma yana nan. Sau da yawa wannan alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin mai daidaita suga a cikin jini, wato hanyar ciwon suga ce aka kama. Sauran alamun sun haɗa da yawan ƙishirwa da fitsari, minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi a cikin barci, ciwon gwiwa ko ƙugu, da rikicewar al'ada tare da fitowar gashi a haɓa ga 'yan mata. Haka nan a gaya wa likita duk maganin da yaron ke sha. Magungunan da ke cikin rukunin dexamethasone da prednisolone suna kumbura fuska da ciki, kuma irinsu ne ake sayar wa 'yan mata a matsayin maganin ƙara ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Wadda ta daɗe tana shan su kada ta daina rana ɗaya da kanta, domin yankewa farat ɗaya yana da haɗari, likita ne zai tsara yadda za a janye su a hankali.

Mataki na biyu: a san abin da jiki ke buƙata

Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki. Giram ɗaya na sitaci ko suga yana ba da kalori 4, na furotin (sinadarin gina tsoka) ma 4, na mai kuwa 9. Mafi yawan wannan kuzari jiki yana ƙona shi ne ko da mutum yana kwance, wajen bugun zuciya da numfashi da aikin ƙwaƙwalwa da ɗumin jiki, ga matashi kuma akwai ƙarin kason da girma ke ci.

Ƙiyasin da hukumomin lafiya na Amurka suka fitar, wanda ake yawan amfani da shi, ya nuna cewa yarinya mai shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar kusan kalori 1,800 a rana idan ba ta cika motsi ba, 2,000 idan motsinta matsakaici ne, 2,400 idan mai yawan kai-komo ce ko wasanni. Namiji mai waɗannan shekaru yana buƙatar 2,000 zuwa 2,400 idan mai yawan zama ne, 2,400 zuwa 2,800 idan matsakaici ne, har zuwa 3,200 idan yana aikin ƙarfi ko buga ƙwallo kullum. Masu shekara 9 zuwa 13 buƙatarsu ta yi ƙasa da haka, daga kusan 1,400 zuwa 2,200 ga mata, 1,600 zuwa 2,600 ga maza.

Waɗannan lambobi kintace ne, kuma yaron da ke tafiya makaranta a ƙasa ya dawo ya tafi gona ko gareji ba zai zama ɗaya da wanda ake kai wa a mota ya dawo ya kwanta da waya ba. Amfaninsu shi ne su nuna girman buƙatar, don matashi ya gane cewa tsarin kalori 1,000 ko 1,200 da ake yaɗawa a intanet yunwa ce tsagwaronta ga mai shekarunsa. A ganina bai dace matashi ya riƙa lissafa kalorin kowace loma ba. Tuwo da miyar gida ba su zuwa da takardar bayani, kuma yawan lissafin yakan zame wa wasu yara damuwar da ta fi ƙibar illa. Ya isa a san inda kalori ke taruwa da yawa ba tare da ya ƙosar ba, a rage daga can.

Mataki na uku: a sa burin da ya dace da mai girma

Ga matashin da tsawonsa bai tsaya ba, sau da yawa ba a buƙatar ya sauke ko kilo ɗaya. Abin da ake nema shi ne nauyin ya tsaya wuri guda tsawo ya cim masa. Yaro mai shekara 13 da ke da kilo 65 da tsawon mita 1.55, lambarsa ta BMI 27 ce. Idan ya riƙe wannan kilo 65 ɗin har tsawonsa ya kai mita 1.68, lambar za ta sauko zuwa 23 ba tare da ya kwana da yunwa ko sau ɗaya ba.

Wanda ƙibarsa ta yi yawa, ko wanda ya kusa gama girma, shi ne zai nemi sauke nauyi, kuma a hankali. Kusan rabin kilo a mako ya wadatar, kuma likitocin yara ba sa son ya wuce kilo ɗaya a mako ko ga mai ƙiba sosai. Nauyin da ya zube da sauri yawancinsa ruwa ne da tsoka, kuma yakan dawo da ƙari.

Mataki na huɗu: a fara da abin sha, sannan mai

Idan gida zai canza abu ɗaya tak, to ya fara da abin da ake sha. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da suga fiye da giram 50, wato sama da ƙaramin cokali 12, kuma kalorinta ya kai 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wanda ga mai cin kalori 2,000 ya kama giram 50. Kwalba ɗaya ke nan ta cinye kason yini gaba ɗaya, kuma bayan an sha ta cikin ba ya jin an ci komai, yaron zai zauna ya ci abincinsa cif kamar bai sha ba.

Ba lemon kwalba kaɗai ke da wannan matsala ba. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da jinja da ake ƙullawa a leda ko a zuba a gora, sau da yawa sugansu bai gaza na lemon kanti ba. Haka shayin safe da ake zuba wa madarar gwangwani mai zaƙi a kuma ƙara cokali uku na suga, da fura da nono da ake zuba wa suga har sai ya kwanta a gindin kwano. Ba a ce a bar waɗannan abubuwa ba, domin fura da nono abinci ne mai kyau ga mai girma. A haɗa su a gida, a rage sugan da rabi a makon farko, a ci gaba da ragewa har harshe ya saba, wanda yakan ɗauki makonni kaɗan. Ruwa ya zama shi ne abin sha na yau da kullum, lemo kuma na ranar biki. 'Ya'yan itace a ci su da ɓawonsu da tsokarsu ya fi a matse ruwansu a sha.

Bayan abin sha sai mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tukunya ya san ba da cokali ake zuba mai a miyar dage-dage ko shinkafa da wake ba. Wanda ya yi wa garau-garau ambaliyar mai cokali uku ya ƙara kalori 360 a kan kwanon da da ma ya ƙoshi. Gyaran a nan yana hannun mai girki: a riƙa auna man da cokali maimakon a tuttula daga galan, a kwashe wanda ya taso a saman miya, a sa wa ɗanwake da shinkafa da wake cokali ɗaya a cika da tumatir da albasa da kabeji da yaji. Wake ɗaya ne ake yin ƙosai da alale da shi, amma ƙosai ya sha mai a kasko, alale kuwa turara shi aka yi. Haka bambancin yake tsakanin soyayyar doya da dafaffiya, ko soyayyar awara da wadda aka sa a miya. Fanke da cincin da biskit da soyayyen dankali su koma na lokaci-lokaci. Gyaɗa abinci ce mai amfani, sai dai giram 100 nata ya haura kalori 550, don haka cikin tafin hannu ɗaya ya isa.

Mataki na biyar: a gyara kwano, kada a cire abin da ke gina jiki

Abincinmu na gargajiya bai da laifi, yadda ake raba shi a kwano ne ke buƙatar gyara. An saba tuwo ko shinkafa su cika kwano, miya ta zama ta shafawa. Abin da ake so shi ne rabin kwanon ya zama ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu ya zama tuwo ko shinkafa ko doya, ragowar kuma wake ko kifi ko ƙwai ko nama ko awara. Mai cin malmala uku ya koma biyu, a ƙara masa miya mai ganye da yawa. Kwaɗon zogale, kwaɗon rama, dafaffen kabeji, miyar alayyafo, miyar kuɓewa, miyar kuka, yalo da karas da kokwamba duk suna cika ciki da kalori kaɗan, kuma ba su fi ƙarfin aljihun yawancin gidaje ba. Tuwon dawa da na gero da acca da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da farin burodi da taliyar leda riƙe ciki, saboda dusar da ke jikinsu tana jinkirta narkewa.

A gidan da ake ci a faranti ɗaya, yana da wuya yaro ya san iyakar abin da ya ci, musamman idan ana rige-rige. Zuba wa kowa nasa yana taimakawa, haka ma cin abinci a zaune, a natse, ba tare da waya ko talabijin ba, domin ƙoshi yakan ɗauki mintuna kafin mutum ya ji shi.

Akwai abubuwa uku da bai kamata a taɓa su ba ko ana neman rage nauyi. Na farko furotin, wanda tsoka ke ginuwa da shi kuma yake hana saurin jin yunwa. Ƙwai ɗaya kalorinsa bai wuce 80 ba, amma yana riƙe yaro fiye da biskit mai ninkin wannan. Na biyu sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, wanda yarinya mai shekara 14 zuwa 18 ke buƙatar kusan miligiram 15 nasa a rana saboda jinin al'ada, namiji kuma 11. Ana samunsa a hanta, jan nama, kifi, wake da ganyaye, kuma jiki ya fi ɗaukarsa idan an haɗa da lemun zaƙi ko tumatir ko gwaiba, shayi kuwa yana rage ɗaukarsa idan aka sha tare da abinci. Yarinyar da ta bar nama da wake don ta rame takan ƙare da jiri da kasala da rashin fahimtar karatu. Na uku sinadarin kalsiyam na ƙashi, wanda ke cikin nono, kindirmo, madara, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da ganye irin su zogale da kuka.

Mataki na shida: lokutan cin abinci

Barin karin kumallo dabara ce da kan juye wa mai ita. Yaron da ya fita da cikinsa wayam zai kai ƙarfe goma yunwa ta gigita shi, kuma abin da zai samu a bakin makaranta fanke ne da lemo da alewa. Koko mai ɗan suga kaɗan da alale, ko dafaffen ƙwai da burodi yanka biyu, ko ɗumamen tuwo da miya, kowanne ya fi fita haka nan. Abinci sau uku a rana da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, kamar ayaba ko gwanda ko kankana ko kindirmo marar suga, shi ne tsarin da ya fi ɗorewa. Iyaye su duba kuɗin tara da suke bayarwa, su san me ake saya da shi.

Watan azumi yana da nasa hukuncin. Mutane da yawa suna fita daga Ramadan da ƙarin nauyi saboda buɗa-baki da ƙosai da soyayyar doya da dankali da kunu mai suga da lemo, sannan a bi da abinci mai nauyi bayan tarawihi. Matashin da ke azumi ya buɗe baki da ruwa da dabino kaɗan da 'ya'yan itace, ya yi salla, sannan ya ci abinci sosai sau ɗaya mai ganye da furotin. Kada ya bar sahur da niyyar ramewa.

Mataki na bakwai: motsi da barci

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga masu shekara 5 zuwa 17 ita ce motsa jiki na aƙalla minti 60 a kowace rana, irin wanda ke sa numfashi ya ɗan yi sama, tare da wasannin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi sau uku a mako. Ba dole ne a yi sa'ar a haɗe ba, kuma ba a buƙatar kuɗin zuwa gidan motsa jiki. Tafiya makaranta ko Islamiyya a ƙasa da sauri, hawa keke, ƙwallo, langa, ɗiban ruwa, duk suna cikin lissafi. 'Yan mata su ne abin ya fi shafa, domin da zarar sun fara girma ake rage musu fita da wasa. A tsakar gida ma ana iya tsallen igiya, 'yar gala-gala, daka, shara da wanki da hannu, ko uwa da 'ya su riƙa fita tafiya tare bayan sallar asuba ko da yamma idan rana ta yi sanyi. Mai ƙiba sosai ya fara da minti goma sha biyar na tafiya, ya riƙa ƙarawa mako-mako don kada gwiwa ta yi ciwo ya karaya.

Barci kuma ana yawan mantawa da shi. Masu shekara 13 zuwa 18 suna buƙatar sa'a 8 zuwa 10, kuma ƙarancin barci yana ƙara jin yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. Wanda zai tashi da asuba ba zai sami wannan ba idan waya na hannunsa har ƙarfe ɗaya na dare, don haka a ajiye ta a wajen ɗakin kwana.

Mataki na takwas: abin da za a guje wa, da aikin iyaye

Shayin rage ƙiba da ake tallatawa yawancinsa yana ɗauke da ganyen da ke sa gudawa ko yawan fitsari. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, kitsen yana nan, kuma yawan shansa yana iya taɓa hanji da bugun zuciya. An sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kada matashi ya sha wani magani ko allura don ramewa sai wanda likita ya rubuta masa bayan ya duba shi. Ɗamarar matse ciki da sa kaya masu kauri don a yi gumi ba sa narkar da kitse.

Su kuma iyaye da yayye su kiyaye harshensu. Kiran yaro lukuti, ko yi masa gori a gaban baƙi, ko hana shi abin da 'yan'uwansa ke ci a gabansa, ba ya sa shi ramewa, sai dai ya koya masa ci a ɓoye. Haka ma ɗaya gefen, inda ake cewa "ai jikin gidansu ne" ko "alamar hutu ce" a ƙi ɗaukar mataki. Gado yana da tasiri, amma abin da ake dafawa da abin da ake ajiyewa a firiji ma a gida ake gadonsu. Canjin da ya fi ɗorewa shi ne wanda gida duka ya shiga, tukunya ɗaya, ba tare da an ware mutum ɗaya ba.

A sa ido kan alamun da ke nuna neman ramewar ya zama cuta: yaro ya riƙa ɓoye abinci ko ƙaryar ya ci, shiga banɗaki da zarar an gama ci don ya yi amai, rama mai sauri, jiri ko suma, zubewar gashi, ɗaukewar al'ada, ko ya riƙa ganin kansa da ƙiba alhali ya rame. Wannan yana faruwa ga maza da mata, yana iya kai wa ga rasa rai, kuma yana buƙatar likita da gaggawa, faɗa ba ya maganinsa.

Awon nauyi sau ɗaya a mako ko a mako biyu ya isa, da safe, a kan sikeli ɗaya, tsawo kuma a auna shi duk bayan wata uku a rubuta su tare a littafi guda. Idan bayan wata uku zuwa shida na bin waɗannan matakai nauyin yana ci gaba da hawa fiye da tsawo, a koma asibiti da littafin, a nemi a duba suga da hawan jini da aikin thyroid (halittar wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo), a kuma nemi ganin masanin abinci mai gina jiki wanda zai tsara wa yaron abin da ya dace da shekarunsa da abin da gidan ke iya saya.